Yadda Ake Canza Maganaɗisun Fikof Mai Kwayil Ɗaya a Jitar Lantarki

Yawancin jitocin lantarki da ke hannun 'yan kiɗanmu a Legas, daga masu kiɗan biki a Agege zuwa samarin da ke kaɗa wa coci a Idi-Araba da Obalende, kwaikwayon jitar nan ce da ake kira Stratocaster, ko Strat a taƙaice. Wasu ƙirar Sin ko Indonesiya ne da ake saya sababbi a kasuwar Alaba, wasu kuma tokunbo ne da suka sha hannu a Turai. Itacen ba laifi, wuyan ma sau da yawa ba laifi. Inda masu ƙira ke rage kuɗi shi ne fikof, abin nan mai idanu shida da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti. Sai ka ji jita tana da ƙara amma muryarta a toshe, babu kaifin nan da ake nema a kiɗan hayilaif ko salon jitar Agadas. Mai hali sai ya yi odar sabon fikof daga waje. Wanda dala ta fi ƙarfinsa yana iya canza maganaɗisun kaɗai, ya bar sauran yadda suke. Sai dai ba kowane fikof ne ke yarda a taɓa shi ba, kuma rabin aikin nan gane wanda ke hannunka ne.

Abin da ke ciki, da abin da zai canza

Fikof kwarkwaro ne da aka naɗe da zaren jan ƙarfe mai rufin fenti, da maganaɗisu a tsakiya ko a ƙasa. Wannan naɗi shi ake kira kwayil. A irin na Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, naɗin yakan kai kimanin zagaye 8,000. Zaren lamba 42 ne, kaurinsa wajen milimita 0.063, kusan kaurin gashin kai. Maganaɗisu yana sa tsirkiyar ƙarfe da ke samansa ita ma ta ɗauki maganaɗisu. Idan ta girgiza sai ta motsa ƙarfin da ke ratsa naɗin, a sami 'yar wutar lantarki wadda amfilifaya zai ƙara. Zaren nan shi ne ran fikof. Idan ya tsinke daga can ciki, babu mai ɗinke shi, sai dai a warware duka a sake naɗi.

Maganaɗisu iri biyu ne a wannan harka. Akwai alniko, haɗin aluminiyam da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, wanda ya samo asali daga binciken Tokushichi Mishima a Japan a 1931. Launinsa na azurfa ne mai ɗan duhu, ana sayar da shi da lamba: 2, 3, 4, 5 da 8. Lamba 5 ce aka fi sawa a fikof irin na Fender, ta fi 2 da 3 ƙarfin ja. Lamba 3 ita ce mafi rauni, kuma babu kobalt a cikinta. Sai siramik, baƙi mai araha, irin wanda ke bayan sifikar rediyo.

Za ka ji ana cewa siramik ba shi da daɗin sauti. Ni dai ban yarda laifin nasa ne ba. A fikof mai araha, idanun nan shida da kake gani ba maganaɗisu ba ne, guntayen ƙarfe ne kawai, bulon siramik yana manne a ƙasa yana ba su ƙarfi. Ƙarfe a cikin naɗi yana ƙara abin da masana lantarki ke kira indoktans, kuma idan indoktans ya ƙaru sai siririn sauti ya ragu, murya ta yi kauri ta toshe. Alniko ba ya ƙara indoktans kamar ƙarfe. Don haka idan ka zare ƙarfen ka zura sandunan alniko, sauti zai buɗe ya yi kaifi, ko da yake ƙarar na iya ɗan raguwa. Wannan canji ne da kowa zai ji. Amma canza alniko 5 zuwa alniko 2 a fikof mai kyau, bambancin ƙarami ne, wani lokaci ɗaga fikof ko sauke shi da sukudireba ya fi shi tasiri.

Abu ɗaya da maganaɗisu ba zai gyara ba shi ne ƙugi. Fikof mai kwayil ɗaya yana kwasar ƙugin wutar gida mai 50 Hz, ya haɗa da hayaniyar janareta da inbata da fitilu masu araha. Wannan daga naɗin yake, ba daga maganaɗisu ba. Akwai dabarar rage shi a matsayi biyu na suwic, za mu zo kanta.

Gane irin naka

Kwance fikof ɗaya ka zare murfin robarsa, ka juya shi ka duba ƙasansa.

Idan ka ga faifai biyu na fayiba, baƙi ko ruwan toka, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da sanduna shida da suka huda su, babu komai manne a ƙasa, to wannan tsohuwar ƙirar Fender ce. A wannan ƙira babu kwarkwaro na daban. Sandunan su ne ginshiƙan da ke riƙe da faifan, kuma a jikinsu kai tsaye aka naɗa zaren. Ka tura sanda ɗaya, musamman na bakin nan biyu inda zaren ke juyawa, sai ta kankare fenti ko ta tsinke zagayen farko. Mayar da murfin ka rufe. Garin neman gira ake rasa ido, kuma galibi irin wannan fikof shi ne mai tsadar. Na Telecaster, wata jitar Fender, su ma mafi yawa haka suke.

Idan kuwa kwarkwaron roba ne da aka zuba guda ɗaya, kana ganin zoben roba kewaye da kowace sanda, to zaren bai taɓa sandunan ba, akwai bango tsakaninsu. Wannan shi ne namu. Yawanci za ka ga bulon siramik ɗaya manne a ƙasa, ko kuma sirara biyu, ɗaya a kowane gefen sandunan. Wasu masu kwarkwaron roba kuma da ma alniko ne a ciki, su ma ana iya canza su.

Na uku shi ne P-90 na kamfanin Gibson, wanda ya fito a 1946, mai faɗi da sukurori shida. Shi ma kwayil ɗaya ne, kuma ya fi kowanne sauƙin aiki.

Kaya

Maltimita, kamfas, sukudireba mai kan gicciye, ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40 da dalmarsa, na'urar busar da gashi, tsohon katin roba ko wuƙa maras kaifi, alƙalamin maka, tef na takarda, guntun katako da aka huda masa rami mai faɗin milimita 7 ko 8, da bais na teburi, wato mamatsin ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, idan akwai. Kamfas ɗin alƙibla da ke jikin darduma ya isa. Sai ma'aunin baniya na auna kauri, wanda za ka iya ara wurin masu gyaran inji.

Kada ka sayi sanduna sai ka auna. Kauri biyu ne suka fi yawa: milimita 4.75 na ƙirar Amurka, da milimita 5 wanda ya fi yawa a fikof ɗin Asiya. Rubu'in milimita ne tsakaninsu, amma shi ne bambancin sandar da za ta zauna daram da wadda za ta tsaga kwarkwaro. Tsawo kuma yakan kama daga milimita 16 zuwa 18. Abin da ya fi shi ne ka fara zare ƙarfe ɗaya, ka auna shi, sannan ka yi oda ta intanet. Ka tambayi mai sayarwa ko sandunan da cajinsu suke, wato an riga an ba su ƙarfin maganaɗisu, domin da yawa babu caji ake aiko su. Kuma kada ka sayi dogaye da nufin yankewa. Alniko yana da tauri da gautsi, zarto ba ya cin sa, sai dai ya ɓalle.

Kafin ka kwance komai

Ɗauki sautin jitar da wayar salula, kowane matsayi na suwic, ka rubuta inda maɓallan amfilifaya suke. Kunne yana da mantuwa, bayan awa uku ba za ka iya tuna yadda take a da ba.

Sai awo. Zura kebul a jitar, buɗe bolum har ƙarshe, sa maltimita a 20k, ka ɗora tsinke ɗaya a kan filogin, ɗaya a jikinsa. Strat fikof uku gare ta: na kusa da wuyan jita, na tsakiya, da na kusa da birij, ƙarfen da tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinsa. Juya suwic zuwa kowanne kana rubuta lambarsa. Irin na Strat yakan nuna tsakanin 5 da 7. Idan ka ga lambar ta ɗan zarce abin da aka rubuta a kwali, ba matsala ba ce. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, kuma kamfanoni a wuri mai sanyi suke awonsu, ba a zafin Legas ba. Wannan lamba ba za ta canza ba bayan an canza maganaɗisu. Amfaninta shi ne ta gaya maka zaren yana raye.

Daga nan kamfas. Kawo shi saman kowane fikof, ka ga wane kan allurar ne ya juyo, ja ko fari. Rubuta a tef ka manna: wuya ja, tsakiya fari, birij ja, ko dai yadda ka gani. Kada ka dogara da abin da wani ya ce na cewa kudu ne ke sama ko arewa, kamfanoni sun bambanta, Fender kansa ya canza a tsawon shekaru. Abin da allurarka ta nuna shi ne hujja.

Awo na ƙarshe mutane da yawa ba su san shi ba. Mayar da mita kan ƙaramin ma'aunin DC, na milibolt. Kwantar da sukudireba a kan idanun fikof, sannan ka fizge shi sama da sauri kana kallon mita. Lambar za ta yi tsalle, ko da alamar ragi a gabanta ko babu. Yi wa dukkan ukun. Ya kamata su yi tsalle gefe ɗaya. Rubuta wannan ma.

Aikin kansa

Sassauta tsirkiyoyi ka cire su, ko ka ja su gefe. Kwance sukurorin faifan gaba, 11 ne a yawancin Strat na zamani, 8 a tsohuwar ƙira. Ɗaga shi a hankali, domin akwai wayoyin da suka tafi ramin jak da wadda ta tafi bayan jita. Shimfiɗa tsumma a kan fentin jitar ka kifa faifan a kai, ka ɗauki hoton wayoyin. Fara da fikof ɗaya kawai, na wuya ya fi, don a nan canjin ya fi fitowa. Narka dalmar wayoyinsa biyu daga suwic da bayan bolum. Idan babu wuta, ko ba ka saba da dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo na unguwa, aikin minti biyar ne a wurinsa. Kwance sukurori biyu na gefe, ka adana sifirin ko 'yar robar da ke jikinsu.

Zare murfin a miƙe, ba tare da murɗawa ba. Yanzu duba gefen da wayoyi biyu suka shiga. Akwai ƙananan idanu biyu na dalma, kuma daga kowanne akwai zare siriri da ya tafi cikin naɗin. Nan ne wurin da fikof ya fi mutuwa. Manna ɗan tef a kai, kuma duk abin da za ka yi da wuƙa, ka yi shi daga ɗaya gefen.

Busa wa bulon siramik iska mai zafi na minti ɗaya ko biyu, har ya yi ɗumin da hannu zai iya jurewa. Kada ka kai wa masu gyaran wayar salula na Computer Village su busa masa tasu na'urar, zafinta na narka dalma ne, za ta lanƙwasa kwarkwaron kafin ka ƙifta ido. Idan gam ya yi laushi, zura kati tsakanin bulon da roba, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan daga wannan baki zuwa wancan. Siramik yakan fashe. In ya fashe ba asara ba ce, amma ka kwashe ɓarɓashin da tef, don yana da kaifi kuma zai bi sababbin sanduna ya manne.

Auna da mita. Lambar tana nan? To ci gaba.

Tura ƙarfen shi ne inda ake buƙatar haƙuri. Duba kawuna biyu na kowane guntu. Wasu suna da 'yar kafaɗa ko zane-zane a gefe ɗaya, to ta wannan gefen za su fita. Idan babu, tura daga sama zuwa ƙasa. Ɗumama kwarkwaron kaɗan don kakin da ke ramin ya saki. Ɗora shi a kan katakon nan, ramin katakon daidai ƙarƙashin ƙarfen da za ka tura, yadda robar da ke kewaye za ta sami abin dogara. Sami ƙusa da aka goge bakinta ya zama a daidaice, wadda ba ta kai kaurin ƙarfen ba, ka danna. Da bais ya fi, don yana matsawa a hankali kuma a miƙe. Za ka ji ɗan ƙas, ka ga farin kaki ya fito a bakin ramin, daga nan sai ya zame. Fara da na tsakiya, ka bar na baki biyu zuwa ƙarshe, kana aunawa da mita bayan kowanne.

A nan iskar Legas takan nuna halinta. Jitar da ta shekara a Ajegunle ko Badagry tana shan danshi da gishirin teku da gumin mai kiɗa, ƙarfenta yakan yi tsatsa ya kumbura a cikin rami. Kada ka ɗauko guduma, kuma kada ka fesa man kwance tsatsa, zai bi ya shiga naɗin. Kankare tsatsar kan da ke waje da reza, ka ƙara ɗumi, ka tura ta gefen da ya fi tsabta. In ya ƙi, ka bar shi ya huce ka sake gwadawa.

Share ramukan da tsinken auduga. Gwada sabuwar sanda: ya kamata ta shiga da matsin babban yatsa, ko ɗan taimakon bais. Idan ta yi sako-sako, ɗigon kaki ko ɗan jan farce maras launi zai riƙe ta. Sufa gulu yana gudu inda ba a aike shi ba, kuma ya hana ka sake canzawa gobe. Idan ta matse ƙwarai, tsaya. Bangon da ke tsakanin rami da zare siriri ne, idan ya tsage zaren ne zai biya. Naɗe ɗan sanfefa mai laushi a tsinke ka murza cikin ramin da hannu, ka gwada, ka ƙara. Injin huda ba shi da aiki a nan.

Idan sandunan da cajinsu suka zo, jera su baki da baki su manne su zama layi ɗaya, ka ɗiga maka a kan kowace ta gefe guda. Gwada da kamfas ka ga ko kan mai maka ne ke jawo launin allurar da ka rubuta wa wannan fikof, ko ɗaya kan. Dukkan shidan fuska ɗaya za su kalla. Sanda ɗaya ta juye, tsirkiyoyin da ke kusa da ita za su yi rauni.

Batun tsayi kuwa, za ka ga ana sayar da saiti mai hawa da sauka, wasu sanduna dogaye wasu gajeru. An tsara wannan ne a zamanin da tsirkiya ta uku take da naɗi, allon wuyan jita kuma yake da lanƙwasa sosai, ta inci 7.25. Yanzu ta uku ba ta da naɗi a yawancin saiti, kuma da ma ta fi sauran ƙara, allon jitocin Asiya kuma ya fi shimfiɗa. Doguwar sanda a ƙarƙashinta sai ta sa ta danne 'yan'uwanta. A ganina ka sa su duka daidai, kowace ta leƙo saman murfi da kamar milimita ɗaya.

Caji

Sandar da ta zo babu caji, bayan an zura ta ake yi mata. Ana buƙatar faifan niyodimiyam, wani maganaɗisu mai ƙarfin gaske, guda biyu, masu faɗin kamar milimita 25. Kada ka ɓata lokaci da wanda ake cirewa daga matacciyar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta (hard disk), shi arewa da kudu duk a fuska ɗaya suke. Manna faifai ɗaya a kowane muƙamuƙin bais, yadda fuskokin da ke kallon juna za su riƙa jan juna, ka rufe su da tef. Buɗe bais ya ɗan fi tsayin fikof. Riƙe fikof da kyau, ka ratsa da shi ta tsakani a hankali, kowace sanda ta bi ta tsakiyar faifan, sau uku ko huɗu, sannan ka janye shi nesa a miƙe. Kan sanda yakan ɗauki akasin fuskar da ya kalla. Gwada da kamfas. In ya fito a juye, kifa fikof ka sake ratsawa, alniko ba ya gardama.

Rashin gardamar nan ita ce kuma haɗarinsa. Niyodimiyam da ya gogi gefen fikof zai iya rage masa caji ko ya hargitsa shi, don haka ka ajiye shi nesa da sauran biyun, da kamfas, da katin banki, da agogo. Yana matse yatsa har ya fasa fata. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ma ya zo kusa.

Wannan hanya ita ce kaɗai abin da za a yi wa fikof mai faifan fayiba. Ba a cire masa sanda, amma ana iya sabunta masa caji in ya yi sanyi, ko a juya masa fuska.

Na tsakiya, da maganar ƙugi

Fender ya fara sa suwic mai matsayi biyar a 1977, kuma a matsayi na 2 da na 4 fikof biyu ne ke aiki tare. Idan na tsakiya yana da maganaɗisu a juye kuma naɗinsa a juye, sautin tsirkiya daga biyun yana haɗuwa, ƙugin kuma yana kashe juna. Idan kamfas ya nuna maka tun farko cewa na tsakiya ya saɓa wa sauran, to jitarka tana da wannan tsari, ka mayar da shi yadda ka same shi. Ka juya maganaɗisun kaɗai ba tare da wayoyi ba, sautin zai fito siriri ta hanci, babu kauri ko kaɗan.

Idan kuwa dukkan ukun launi ɗaya suka nuna, ga dama ta samu. Zura sandunan na tsakiya a juye, sannan wajen mayar da wayoyinsa ka musanya su: wadda take suwic ta koma bayan bolum, ta bayan bolum ta koma suwic. Ga wanda ke kiɗa a rumfar biki da janareta a bayansa, wannan kaɗai ya biya wahalar aikin. Gwajin sukudireba zai tabbatar maka: dukkan ukun su yi tsalle gefe ɗaya kamar da.

P-90

Kwance shi ka kifa. Akwai farantin ƙarfe a ƙasa da sukurori biyu. Sassauta su, ba sai ka cire ba. Tsakanin farantin da kwarkwaro akwai maganaɗisu biyu dogaye, ɗaya a kowane gefen layin sukurori, girmansu kusan milimita 63 da 12.5 da 3. Kafin ka zare, gwada gefen waje na kowanne da kamfas ka rubuta. Ɗumama, ka tura su ta tsawo su fita, kana lura da siraran wayoyin da ke bi ta wurin. Sirrin P-90 shi ne gefunan da ke kallon tsakiya iri ɗaya ne, wato in ka kawo su kusa da juna yadda za su zauna, turewa za su yi. In suka manne, ka juya ɗaya, in ba haka ba fikof zai fito da 'yar murya kamar mara lafiya. Ana iya haɗa lamba 2 a gefe ɗaya da lamba 5 a ɗaya gefen. Kada dai ka sa ran canji babba kamar na Strat, tunda sukurorin ƙarfe suna nan a cikin naɗin.

Wasu sukan ɗauki irin wannan dogon alniko su manna a ƙarƙashin fikof ɗin Strat a madadin siramik. Ba ya yi. Cajinsa daga gefe zuwa gefe yake, na bulon siramik kuma daga fuska zuwa fuska.

Kaki, haɗawa da saiti

Ba kullum ake buƙatar sabon kaki ba. Haɗa fikof ka gwada tukuna. In ka ƙara murya ya kama kuka mai tsini, ko ka ƙwanƙwasa murfin ka ji shi a sifika kamar makirfo, to wani abu yana motsi a ciki. Narka kyandir kashi huɗu da kakin zuma kashi ɗaya, wanda za ka samu wurin 'yan'uwanmu masu sayar da zuma. A gwangwani za ka narka, gwangwanin kuma a cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, don kyandir yana kamawa. Zafin kada ya wuce digiri 65. Sauke tukunyar daga wuta, ka rataya fikof da wayoyinsa a ciki ba tare da ya taɓa gindin gwangwani ba, minti 10 zuwa 15, har kumfa ta daina tasowa. Ciro, goge, bar shi ya huce.

Mayar da murfi, sifirin da sukurori, ka yi dalma bisa hoton da ka ɗauka. Kafin ka ɗaura tsirkiya, haɗa da amfilifaya a ƙaramar murya ka taɓa kowace sanda da bakin sukudireba, ka ji ƙwas a matsayin suwic da ya dace.

Saura tsayi, kuma a nan ne mutane ke yanke wa aikin hukunci da wuri. Samari sukan zo da magana ɗaya: "Oga, a ɗaga mini shi sosai ya yi ƙara." Alniko 5 yana jan tsirkiya fiye da ƙarfen da ka cire. In ya matso da yawa, sai tsirkiya mai kauri ta riƙa rawar murya a saman wuya, sautin ya mutu da wuri, tunin ya ƙi zama. Danna tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen gicciye na ƙarshe a wuyan jita, ka auna daga kan sanda zuwa ƙasan tsirkiya. Fender yana ba da milimita 2.4 a gefen masu kauri da milimita 2 a gefen sirara ga fikof irin na da. Fara daga nan. Na wuya yakan so a ƙara sauke shi, tunda a wurin tsirkiya ta fi lilo. Juya sukuru rabi-rabi kana saurare, har ƙarar ukun ta daidaita.

Sai ka kunna abin da ka ɗauka da farko ka kwatanta, kafin ka taɓa sauran biyun. In kaifin ya yi maka yawa, musamman a na birij, leƙa bayan bolum ka karanta lambar turjiyarsa da aka buga a jiki. Jitoci masu araha da yawa 500k ake sa musu, wanda ya dace da toshasshen fikof amma yana sa alniko ya yi tsini. Canza shi zuwa 250k, irin wanda Fender ke haɗawa da kwayil ɗaya. In kuma na birij ba shi da maɓallin ton, kamar yadda tsohon tsarin Strat yake, ɗan guntun waya a kan suwic zai haɗa shi da ton na tsakiya, ka riƙa rage kaifin da yatsa kana cikin kiɗa.